Shanu Uku a Bakin Tafkin Abha

Ba na jin akwai ranar da zan manta da walimar auren Yusuf a unguwar Bani Malik, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sunayen 'ya'yana. Shekaru da yawa sun wuce, amma har gobe idan na ji ƙamshin shinkafar kabsa sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin. Tela ne ni, mutumin Gusau, ina da shago a wani lungu a Ammariyya cikin Jidda, mai faɗin da idan na miƙe hannuwana sai in taɓa bango da bango. Umra ce ta kawo ni, kamar yadda ta kawo rabin 'yan lungun. Na yi shekara huɗu ina wasan ɓuya da 'yan sanda kafin Allah ya haɗa ni da wani Balarabe ya zama kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, na samu iƙama, takardar izinin zama. Ɗinkina ba laifi. Amma ba da ɗinki aka san ni ba, da baki aka san ni. 'Yan lungu Mai Garuruwa suke kirana, kuma (Allah ya yafe mini) na fi jin daɗin sunan nan a kan wanda babana ya yanka rago ya raɗa mini.

Dalilin sunan shi ne wata aƙida da na ƙirƙiro, nake wa'azinta safe da yamma ina taka keke. Na ce ɗan Adam bai kamata ya zauna a ƙaton birni irin Jidda ko Kano ko Ikko ba, don ƙaton birni cinye mutum yake yi. Kuma bai kamata ya zauna a ƙauye ba, inda sai an ɗora mai naƙuda a amalanke. Wurin zama shi ne gari matsakaici mai ci gaba: akwai asibiti, akwai makarantar 'yan mata, akwai famfo da wuta, amma za ka iya takawa kasuwa da ƙafa, kuma mai kanti ya san sunan babanka.

Ban tsaya a baki ba. Na ɗauki allin ɗinki na ja layuka a bangon shago. A gefe na jera garuruwa: Abha, Yanbu, Tabuk, Ɗa'if, sannan na gida, Jos, Zariya, Maraɗi, Damagaram. A sama na rubuta abubuwan da ake dubawa: iska, ruwa, asibiti, makaranta, haya, sai layi na ƙarshe wanda a wurina ya fi kowane nauyi, wato ko ana samun daddawa. Kowane gari na ba shi maki. Abha ce ta ɗaya, Yanbu ta biyu. Ɗa'if kuwa na wurga ta can ƙasa, don wani mutumin Ɗa'if ya taɓa dawo mini da riga ya ce wuyan ya karkace (ya karkace ɗin, amma ai ba a gaban mutane ake faɗa ba).

To, ga abin da ban taɓa rubutawa a bangon ba: ban taɓa zuwa ko ɗaya daga cikin garuruwan Saudiyyan nan ba. Ko ɗaya. A wancan zamanin baƙo ba ya tashi daga gari zuwa gari sai kafilinsa ya rubuta masa takarda, an buga mata hatimi, ya nuna a shingen hanya. Kafilina kuwa sau ɗaya nake ganinsa a shekara, ranar sabunta iƙama, kuma ko ranar ta tagar mota yake gaisawa da ni. Makka na sani. Madina na je sau biyu, duka biyun barci na yi a bas har muka isa. Ko a gida ma, Jos ɗin da nake yabo wucewa na taɓa yi ta gefenta a bayan motar albasa.

Ina nake samun ilimin? Daga bakin masu kawo ɗinki. Ina auna wa direba kafaɗa, sai in ce, "Yanbu akwai sauro?" Ya ce, "Ba sosai ba." Shi ke nan, yana fita na samu darasin mako guda. Waɗanda suka san garuruwan da gaske direbobi ne, direba kuwa ba ya zama hira a shagon tela, ya ba da awo ya wuce. Masu zama a bencina su ne irina, waɗanda ba su da takardar wuce shinge. Su na tara nake wa lacca, suna gyaɗa kai.

Sai kuma kalanda. Wani kamfanin madara ya buga kalanda a shekarar, irin mai kwali ɗaya, hoto a sama, ƙullin takardun kwanaki a ƙasa, masu baƙala, wato kantunan unguwa, suna raba wa duk wanda ke sayayya a wurinsu. Ni da na samu tawa, ban ɓata lokaci ba na sa almakashi na datse rabin ƙasan, don kwalinta yana da ƙarfi, daidai na fitar da samfurin wuyan riga. Hoton na manna a bangon ciki, kusa da keke. Wata rana wani direba ya ɗaga kai ya kalla, ya ce koren wurin ya tuna masa da duwatsun Abha. Daga ranar na yanke hukunci hoton Abha ne, babu ɗaukaka ƙara. Awa goma nake yi kullum hoton nan yana gefen idona, har na haddace shi fiye da fuskar ƙanena.

Mutum ɗaya ne ya san asirina, Mamman mai turare, mutumin Maraɗi mai surka Hausa da Faransanci, wanda katako ne kawai ya raba shagona da nasa. Kullum muna faɗa a kan dalilin da ya sa na ɗora Zariya a kan Maraɗi. Yakan leƙo ya ce, "Bon, Tela, ni ban hana ka sana'arka ba. Amma ka rage gishiri. Wata rana za ka zuba wa wanda ya san ɗanɗanon miyar." Ni kuma in ce masa hassada ce.

Ana nan sai Safiya ta shigo labarin. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Tana rako mahaifiyarta kawo atamfa, su tsaya daga bakin ƙofa. Hausarta irin ta 'yan nan ce, ta fara da Hausa ta ƙare da Larabci. Tana da asma. A jakarta kullum akwai ɗan bututun nan da ake fesawa a baki, kuma lokacin zafi, idan iskar teku ta yi nauyi ta jiƙe, wadda suke kira ruɗuba, sai ka ji numfashinta yana fito tun daga bakin lungu.

Ranar da ta fara yi mini magana, bangon ta karanta. Ta ce, "Ya Ustaz, wannan jadawal, ya'ani da gaske ne Abha babu ruɗuba?"

Ustaz! Ni da ko Larabcin ciniki sai na haɗa da hannu. Na ji kaina ya ƙara faɗi. Na ce, "Ruɗuba? A Abha? Ai iskar Abha idan kika shaƙa sau ɗaya, sai kin nemi inda kika ajiye ciwon kin rasa."

Ta ce, "Ka taɓa zuwa?"

A nan ne Allah ya ba ni ƙofar tsira, a buɗe, babu mai gadi. In ce a'a, labari nake ji. Kalma nawa ce? Amma mahaifiyarta tana kallona, Safiya tana kallona, 'yan benci suna kallona. Sai na ji bakina ya ce, "Wata shida na yi a can."

Ta bayan katako na ji Mamman ya ƙware da shayi.

Abu kamar wasa ya zama gaske. Na fara kai gaisuwa ta hannun mahaifiyar, na tura manya, aka ce an ji. Ina son yarinyar nan, wannan kam babu gishiri a ciki. Kuma don ina sonta ne na ƙara taɓargazar da ta fi ta farko: na yi mata alkawarin idan an yi aure, shekara ba za ta zagayo ba sai na kwashe ta daga Jidda na kai ta Abha, ta jefar da bututun nan a shara. Na ga yadda idonta ya yi da na faɗa. Ta ce, "Abuya ma yana yawan maganar Abha, shi ai..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na katse ta na ci gaba da bayanin bambancin ruwan Abha da na Tabuk. Da na yi shiru na minti ɗaya a ranar, da yau wani labari nake ba ku.

Abuya ɗin nan shi ne Baba Haruna, mahaifinta. Ban taɓa zama da shi ba. Saƙo ya aiko cewa in zo walimar auren ɗansa Yusuf ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya gan ni, in gan shi, sannan ya ba manyana amsa. Kowa ya gane abin da ake nufi: ranar za a auna ni kamar yadda nake auna mutane.

Na ɗinka wa kaina sabuwar farar jallabiya, na tabbatar wuyan bai karkace ba. Mamman ya zuba mini turare kyauta, sannan ya riƙe hannuna a bakin ƙofar gidan ya ce, "Abokina, yau ka ci shinkafa, ka ce Allah ya sanya alheri, ka rufe bakinka. Dakor?" Na ce masa ya daina koya mini zaman duniya.

Falon a hawa na biyu yake, an jera matasan zama a jikin bango, na'urar sanyi tana ruri, maza sun kai talatin. Na shiga ina rabon gaisuwa hagu da dama, ina duƙawa, ina "Allah ya ba da zaman lafiya," ban ɗaga kai na kalli komai ba sai fuskokin mutane. Aka nuna mini wuri mai daraja, a tsakiyar bangon da ke fuskantar kowa. Na juya na zauna, na jingina bayana. Baba Haruna yana daura da ni, wani ɗan siririn tsoho mai farin gemu, yana jan carbi, ba ya magana sai an yi masa. A raina na ce wannan ai tsohon masallaci ne, iyakarsa Bani Malik zuwa Harami.

Aka kawo farantan kabsa da naman rago, muka ci muka yi nak. Har aka fara zuba shayi ban ce komai ba, ina ta yaba wa kaina. Sai Baba Haruna ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ango yana da shawara. Kamfanin da yake wa aiki sun ce za su mai da shi reshensu, ya zaɓa, ko Yanbu ko Abha, kuma gobe Asabar suke son amsa. To ga shi Allah ya kawo mana masanin garuruwa. An ce har wata shida ya yi a Abha. Malam Tela, me ka gani?"

Mamman ya taka mini ɗan yatsa. Na janye ƙafata.

Na ajiye kofin shayi, na gyara zama. Na fara da aƙidata ta gari matsakaici, tun daga tushe. Na yi wa Jidda kaca-kaca a gaban mutanen da aka haifa a cikinta: na ce gari ne da ruwa sai an sayo a tanka, iska sai an sayo a na'ura. Aka yi dariya, wasu suka ce gaskiya ne. Wannan dariyar ita ta kashe ni, don daga nan birki ya tsinke.

Na ɗauko Yanbu. Na ce gari ne mai tsari, tituna a miƙe, kifi araha, asibitin kamfani, sauro ba sosai ba, sai dai warin matatar mai da kuma ruɗuba irin ta Jidda. Na taɓo Tabuk na ce sanyinta ya yi yawa kuma babu daddawa. Wani ya ce Ɗa'if fa? Na yatsine fuska na ce Ɗa'if garin 'yan hutu ne, wata uku a cike, wata tara a bushe, kuma mutanenta ba su da kawaici. (Mutum ɗaya na sani daga Ɗa'if, mai wuyan rigar nan.)

Sannan na ce, "Amma Abha..." Na lumshe ido. Ina lumshewa kuwa sai hoton jikin kekena ya zo tsaf.

Baba Haruna ya ce, "Wace unguwa ka zauna a can, ɗana?"

Na ce, "Bakin tafki, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Akwai ruwa a Abha, gaskiya ne. An yi madatsa."

Jama'a, da na ji haka sai na ji kamar an buga mini hatimi. Ashe ma na dace. Na ce, "Yauwa, Baba ma ya ji labari. Ruwan nan shuɗi ne shar, kana ganin duwatsu a cikinsa kamar madubi. Akwai wani ɗan jirgin ruwa mai farin tuta da ke yawo a kai. Gidajen bakin ruwan duk na katako ne, rufinsu ja, mai tsini, da furanni a tagogi. A bayan gari kuma ga wani dutse, kansa fari fat, rani da damina."

Na lura samarin da ke zaune suna fuskantata sun daina kallon fuskata, sun ɗaga ido sama da kaina. Ɗaya ya sa gefen ɗankwalinsa irin na mazan Larabawa ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Wallahi a lokacin na ɗauka tsananin sha'awa ce, suna hango Abha a zuci, har ɗayan ya fara kuka. Na ƙara murya.

Mamman ya matso ya raɗa mini, "Atansiyon, Tela. Don Allah. Don Annabi." Shi ma sama yake kallo. Na ce a raina ko Mamman yau ya sallama.

Na ce, "Sai shanu. Ba irin namu masu tozo ba. Manya, masu baƙi da fari, kowace an rataya mata ƙararrawa a wuya. Ciyawa har gwiwa. Ango, idan ka je Abha, amarya ba za ta sake sayen madarar gwangwani ba."

Yusuf ya sunkuyar da kai yana kallon darduma.

Baba Haruna bai yi dariya ba. Ya ja carbinsa ƙwaya biyu, ya ce, "Shanun nan, guda nawa ne?"

Ko a nan ban farga ba. Na ce, "Uku ne, Baba. Biyu a tsaye, ɗaya a kwance."

"Ta kwancen, hagu take kallo?"

Na yi murmushi har kunne. "Ashe Baba ya san wurin."

Ya ce, "Na san shi ƙwarai. Kullum da su nake karyawa. Juya, ɗana."

Na juya.

A jikin bangon da na jingina, taƙi ɗaya sama da hulata, ga kalandar kamfanin madara a rataye. Cikakkiya, babu inda almakashi ya taɓa. Ga tafki, ga jirgi mai farin tuta, ga jajayen rufi, ga dutse mai farin kai. Ga shanu uku, ta kwancen tana kallon hagu, wato tana kallona. Mutum talatin sun yi minti goma suna bin bayanina a jikin hoton, abu bayan abu, kamar masu duba wa ɗalibi hadda. A ƙarƙashin hoton kuma, daidai wurin da ni na datse na yi wuyan riga, akwai layi ɗaya na rubutun Larabci.

Baba Haruna ya ce, "Yusuf, karanta wa baƙonmu."

Yusuf, Allah ya saka masa, da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce, "Suwisra, Abuya." Sannan ya waiwayo gare ni, don kada in ce ban gane ba, ya ƙara da cewa, "Ya'ani, wata ƙasa ce a Turai."

Ban san yadda zan kwatanta muku dariyar da ta biyo baya ba. Ba a fara ta gaba ɗaya ba. Mai ɗankwalin nan ne ya fara fashewa, sai ta bi bango tana zagayawa har ta iso kan dattawa. Wani tsoho ya yi ta dukan cinyarsa yana istigfari. Ta bayan labule, ɓangaren mata, na ji an tambaya me ya faru, aka ba da amsa, sai can ma ta tashi. Ni dai ina durƙushe rabi a juye, ina kallon saniya, gumi yana bin sabuwar jallabiyata duk da na'urar sanyi. Na roƙi Allah ya tsaga benen nan in faɗa hawa na ɗaya, ko da a kan tukunyar shinkafa ne.

Baba Haruna ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, shekara goma sha bakwai ya yi yana tuƙa tirela daga Jidda zuwa Abha, tun hanyar hawan dutsen tana cin motoci. Ya ce akwai sanyi, akwai hazo da wani lokaci ba ka ganin hancin motarka, akwai birai masu sace burodi ta taga. Shanu masu ƙararrawa dai bai ci karo da su ba, amma wataƙila a unguwarmu suke.

Aka sake kwashewa.

Sannan ya juya ga ango ya ba shi shawarar da ni na kasa bayarwa a rabin awa. Ya ce, "Ka tambayi matarka inda take da 'yan uwa. Ka tambayi kamfani inda za su ba ka gida kusa da asibiti. Inda biyun suka haɗu, can ne gari mai kyau. Halas, magana ta ƙare." Aka ce Allah ya sa albarka, aka ci gaba da shan shayi, kamar ba a yanka kowa ba.

Na jira aka fara tashi sallar La'asar, na sulale. Takalmina ma ƙafa ɗaya na samu, ɗayar na Mamman na zura. Ina tsakiyar matakala na ji an ce, "Malam Tela." Tsohon ne, shi kaɗai, yana dafe da ƙarfen bene.

Na durƙusa a kan matakala na ce, "Baba, na yi kuskure. Ban taɓa zuwa ba."

Ya ce, "Na sani tun ranar da Safiya ta gaya mini. Wanda ya yi wata shida a Abha, da sanyi yake fara labari." Sannan ya ce, "Zuwanka ko rashin zuwanka bai dame ni ba. Mu direbobi mun fi ka ƙarya a kan hanya. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka ce wa yarinyar nan za ka kai ta inda za ta yi numfashi. Tun ranar take lissafin watanni. Kafilinka ya san da wannan magana? Zai sake ka ka koma wani gari?"

A raina na ce, wane kafili? Mutumin da ko takardar kwana biyu ban taɓa samun fuskar tambayarsa ba.

Ya ce, "To ka gani. Ni na kwana da ita a asibiti, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ka yi wasa da shanu yadda kake so. Wannan ba abin wasa ba ne." Ya juya ya hau.

Dariyar falon ta yi mini ciwo, amma wannan maganar ita ce ta bi ni har gida. Bayan kwana uku manyana suka dawo da amsa cikin ladabi: Allah bai yi ba.

Na yi wata guda ba na ɗaga kai daga keke. Sunana ya tashi daga Mai Garuruwa ya koma Mai Shanu, kuma har na bar Ammariyya bai sake ni ba. Mutum zai zo wucewa, ba ruwansa da ɗinki, ya leƙo ya ce, "Tela, yaya ta kwancen, ta tashi?" Mamman kaɗai ne bai taɓa tsokanata da shi ba, sai dai ya yi amfani da damar ya shigo da kansa ya goge Zariya ya ɗora Maraɗi a samanta. Na bar masa.

Bayan kamar shekara ɗaya da rabi, wata safiya ina yanka yadi, na ga inuwa a bakin ƙofa. Baba Haruna ne, da leda a hannu. Na miƙe har almakashi ya faɗi. Ya ce jallabiya yake so, an ce hannuna yana da kyau idan bakina yana rufe. Na auna shi, ban tambaye shi sauron ko'ina ba.

Da na gama, ya tsaya yana karanta jadawalin bango, wanda kunya ta hana ni kallo, taurin kai kuma ya hana ni gogewa. Ya bi da yatsa har ƙasa. Ya ce, "Ɗa'if ce ta ƙarshe?"

Na ce, "Tsohon rubutu ne, Baba."

Ya ajiye ledar a kan kekena. Rumman ne, manya, jajaye. Ya ce, "Daga can na dawo jiya. Safiya tana can, mijinta makanike ne a garin, iƙamarsa ta can ce. Tun da ta je, bututun nan yana cikin akwati, ba ta ma san inda ta sa shi ba." Ya gyara hularsa. "Daddawa dai babu, sai mun aika musu. Ka ƙara a lissafinka."

Ya tafi. Na zauna ina kallon rumman ɗin nan, na ji daɗi har raina cewa ta samu lafiya, kuma na ji ciwon cewa ba ni na kai ta ba, duka a lokaci ɗaya. Na jiƙa ƙyalle na goge bangon tas. Hoton ma na ɓamɓare shi, kuma da yake ni tela ne, ban yar ba, na fitar da samfurin aljihu da shi.

Yanzu idan yara suka tambaye ni wane gari ya fi daɗin zama, sai in lissafa musu inda na taɓa kwana da idona biyu, in ce Gusau akwai zafi, Jidda akwai ruɗuba, sauran ku tambayi direba. Kuma duk falon da na shiga, ko na ɗan'uwana ne, kafin in jingina in buɗe baki sai na juya na duba abin da ke rataye a bayana.